Roka ta fashe a wurin gwaji, me ya sa aka ce an yi nasara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibin injiniyanci ne, kuma ina bibiyar harkar kumbo. Na sake kallon bidiyon gwajin da kamfanin SpaceX ya yi a Janairun 2020, inda roka ta kama da wuta ta tarwatse a sama, amma aka fito aka ce gwaji ya yi kyau, bayan 'yan watanni kuma aka ɗora mutane. Abin ya tsaya mini a rai. Wasu abokan karatuna sun ce rufa-rufa ce kawai. Wasu kuma sun ce in kwantar da hankalina, tunda akwai na'urar tserewa babu abin da zai sami 'yan sama jannati ko da roka ta fashe. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Kuma ta yaya ake gwada irin wannan abu har a yarda a ɗora rai a kansa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwarka a kan hanya take, kada ka bari a raba ka da ita. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, sai dai kuskuren ba nauyinsa ɗaya ba. Masu cewa rufa-rufa ce ba su fahimci gwajin ba, wannan da sauƙin gyarawa. Masu cewa tunda akwai na'urar tserewa an gama magana, su ne suka ɗauko abin da ke iya kashe mutum, kuma a kansu zan daɗe.

Bari mu sallami na farko. Ranar 19 ga Janairu 2020 aka harba rokar Falcon 9 daga Florida, ɗauke da kumbon Crew Dragon, babu mutum a ciki sai mutum-mutumi biyu da aka cika da na'urorin awo. Kimanin daƙiƙa 85 da tashi, a tsayin kusan kilomita 19, aka kashe injunan rokar da gangan, kwanson da mutane ke zama a ciki ya kunna injunansa takwas masu suna SuperDraco ya fizge kansa ya yi gaba. Rokar da aka bari a baya ta rasa hancinta mai tsini, ta rasa injin da zai daidaita ta, ga ta tana gudun da ya wuce na sauti, sai iska ta karya ta, man da ke cikinta ya kama. Tun kafin ranar an sanar cewa ba za a dawo da rokar ba, kuma ana sa ran za ta wargaje. Abin da ake aunawa shi ne kwanson: ya haura zuwa kimanin kilomita 40, ya yar da gindinsa, ya juya garkuwarsa mai kare shi daga zafi ta fuskanci ƙasa, ƙananan laimomi biyu suka buɗe, manya huɗu suka biyo baya, ya sauka a tekun Atlantika cikin kimanin minti tara. Masu yanko daƙiƙa goma na wutar su yaɗa da taken "an ɓoye gaskiya" ba su tsaya sun kalli ko minti ɗaya na abin da ya biyo baya ba.

Dalilin zaɓar wannan lokaci ka riga ka san shi daga aji. Matsin da iska ke yi wa abu mai gudu shi ne rabin kaurin iskar sau gudu sau gudu. A ƙasa iska na da kauri amma roka ba ta yi gudu ba tukuna, a can sama kuma gudu ya yi yawa amma iska ta sirance. Tsakanin nan, wajen minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan tashi, matsin ke kai ƙololuwa. A nan ne kwanso ya fi shan wahalar rabuwa da roka, domin iska na danna shi baya zuwa kan abin da yake gudu daga gare shi, kuma da zarar ya karkace kaɗan zai iya fara wulwulawa. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi irin wannan gwaji da kumbon Orion ranar 2 ga Yuli 2019. Aka ɗora kwanson gwaji a kan injin tsohon makami mai linzami, a tsayin kimanin kilomita 9 da rabi aka kunna hasumiyar tserewa, wato rokar da ke ɗaure a saman kwanso domin ta fizge shi, wadda babban injinta ke ba da turi kimanin tan 180. Wancan kwanso ko laima ba a sa masa ba, an bar shi ya faɗa teku ya ragargaje. Abin da ake nema yana cikin na'urorin awo kusan 900 da ke jikinsa, da akwatunan ajiyar bayanai 12 da ya watso kafin ya faɗi, aka kuma tsamo su duka. Wanda bai san manufar ba zai ce wannan ma asara ce.

Ɗaya gwajin shi ne na kan dandamali, inda babu gudu babu tsayi. Tambayarsa daban ce: kwanso da ke tsaye cik zai iya tashi da ƙarfin kansa ya yi nisan da wutar fashewa da tarkace ba za su cim masa ba, ya kuma sami tsayin da laima za ta buɗe ta cika kafin ya dawo ƙasa? Orion ya yi nasa a White Sands da ke jihar New Mexico ranar 6 ga Mayu 2010, Dragon ranar 6 ga Mayu 2015, Starliner na kamfanin Boeing ranar 4 ga Nuwamba 2019, Indiya kuma ta yi nata a Sriharikota ranar 5 ga Yuli 2018, ta biyo da na cikin tafiya ranar 21 ga Oktoba 2023.

To, yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wadda ake ji kullum, har daga bakin masu ilimi: wai na'urar tserewa wata ƙofar baya ce da ke kwance tana barci, in masifa ta zo a buɗe a fita lafiya. Ɗan'uwa, na'urar tserewa roka ce. Roka ce mai tsananin ƙarfi, cike da makamashi, wadda aka ɗaure a saman kawunan mutane ko a gefen kujerunsu, aka kuma tsara ta yadda za ta kama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Duk abin da aka ƙera domin ya tashi da irin wannan gaggawa, yana iya tashi lokacin da ba a kira shi ba. Ranar da aka ɗora ta a kan kumbo an rage wani haɗari, an kuma shigo da wani sabo, aikin gwaji shi ne tabbatar da cewa wanda aka rage ya fi wanda aka shigo da shi nesa ba kusa ba.

Ga shaida. Ranar 14 ga Disamba 1966, a Baikonur, filin harba roka na Tarayyar Soviet, an yi yunƙurin harba kumbon Soyuz babu mutum a ciki. Injin ɗaya daga cikin rokokin gefe bai kama ba, kwamfuta ta kashe sauran, roka ta tsaya a wurinta lafiya lau. Ma'aikata suka matso domin su kwashe mai. Bayan kimanin minti 27, ba tare da kowa ya taɓa komai ba, hasumiyar tserewa ta kama da kanta. Wutarta ta kunna abin da ke ƙarƙashinta, rokar ta fashe, dandamalin ya lalace, aka rasa rai. Me ya jawo? An bar na'urar auna karkata a kunne. Ita tana riƙe da alƙiblarta ne a sararin samaniya, duniya kuwa tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato kusan digiri bakwai cikin wannan ɗan lokaci. Sai na'urar ta ɗauka roka ta kauce hanya, ta ba da umarnin gudu. Babu wanda ya zauna ya tambayi abin da zai faru idan roka ta yi rabin awa a tsaye da tsarin a kunne.

Kada ka ce wannan tsohon zamani ne. Ranar 20 ga Afrilu 2019, watanni tara kafin bidiyon da ka kalla, kwanson Dragon da ya je tashar sararin samaniya ya dawo lafiya a watan Maris ya tarwatse a kan teburin gwaji a Cape Canaveral, kuma tsarin tserewar ne ya tarwatsa shi. Ka lura da yadda abin ya faru, domin a nan darasin injiniya yake. Injunan SuperDraco suna amfani da ruwan makamashi iri biyu masu kamawa da zarar sun haɗu, kuma iskar hiliyam mai matsi sosai ce ke tura su zuwa inji. Tsakanin bututun hiliyam da tankin sinadarin naitirojin tetiroksaid akwai bawul mai hanya ɗaya, wanda aikinsa hana ruwa komawa baya. Ɗan ruwa ya sulale ta cikinsa ya kwanta a bututun hiliyam. Da aka buɗe matsi, kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin injuna su kama, sai hiliyam ta harbo wannan ɗan ruwa kamar harsashi ya doki bawul ɗin, wanda aka ƙera da titaniyam. A irin wannan matsi da bugu titaniyam na ci da wuta a cikin wannan sinadari. Gyaran da aka yi shi ne cire waɗannan bawul-bawul, aka sa faifan ƙarfe siriri da ke rufe hanya ruf, ba ya buɗewa sai matsi ya fasa shi. Da ba a yi wannan gwaji a ƙasa ba, da aibin yana nan kwance yana jiran ranar da za a kunna injunan da mutane a zaune a tsakiyarsu.

Ko ranar da na'urar ta yi aiki daidai, ba hutu ba ne. Ranar 26 ga Satumba 1983 rokar Soyuz ta kama da wuta a kan dandamali, Vladimir Titov da Gennady Strekalov na ciki. Wutar ta cinye wayoyin da ke kai umarnin tserewa, su kuma ba su da hanyar kunna ta da kansu. Sai da aka koma ga umarnin rediyo, wanda ke buƙatar jami'ai biyu a wurare daban-daban su danna maɓalli cikin daƙiƙa biyar tsakaninsu. Hasumiya ta fizge su, daƙiƙu kaɗan bayan haka rokar ta fashe. Na tsawon kimanin daƙiƙa biyar jikinsu ya ɗauki ninki 14 zuwa 17 na nauyinsa, suka sauka kimanin kilomita huɗu daga wurin. Mutum mai kilo 70 a ninki 15 ya zama kamar ya haura tan ɗaya. Abin da ya sa ake iya jurewa shi ne kwanciyar da ake yi a rigingine, ƙarfin na bi daga ƙirji zuwa baya, jini ba ya zubewa daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Shi ya sa kusurwar kujera, da abin da ke tallafe wuya da kai, da maɗauri, duk suna cikin abin da ake gwadawa, mutum-mutumin da ake sawa kuma yana ɗauke da na'urorin auna ƙarfi a kai da wuya da ƙashin baya. A ranar 5 ga Afrilu 1975 Vasily Lazarev da Oleg Makarov sun sha fiye da haka. Matakan rokarsu sun ƙi rabuwa bayan an riga an yar da hasumiya, suka dawo ta hanya mai tsananin gangara, nauyi ya haura ninki 20, suka faɗa kan gangaren dutse mai dusar ƙanƙara a yankin Altai. Lazarev bai sake zuwa sararin samaniya ba.

Sannan mai cewa "akwai na'ura" ka tambaye shi: a wace daƙiƙa? Hasumiya nauyi ce, ba a kai ta har falaki, ana yar da ita bayan minti biyu zuwa uku. Ranar 11 ga Oktoba 2018, a tafiyar Soyuz MS-10, matsala ta zo daƙiƙu kaɗan bayan an yar da hasumiyar. Wani siririn ƙarfe a jikin na'urar lura da rabuwa ya lanƙwashe tun wurin haɗa roka, ɗaya daga rokokin gefe huɗu bai rabu da kyau ba, ya doki uwar rokar. Abin da ya ceci Nick Hague da Aleksey Ovchinin wasu injuna ne daban da ke jikin murfin kumbon, waɗanda aka tanada musamman domin wannan ɗan tsakani. Suka haura kilomita 93, suka sauka kimanin kilomita 400 daga Baikonur. Ma'ana, tserewa matakai ne a jere, kowane da injinsa da ƙa'idarsa, kuma wurin da wani mataki ke miƙa wa wani shi ne inda ya fi buƙatar ido. Akwai kuma inda na'urar ba ta da ta cewa sam. Gobarar kumbon Amurka Apollo 1 ta 27 ga Janairu 1967 a cikin kwanson ta tashi. Vladimir Komarov ya rasu a 1967 saboda laima, mutum uku na Soyuz 11 a 1971 saboda zurarewar iska, mutum bakwai na kumbon Amurka Columbia a 2003 wajen dawowa. Kumbon Challenger kuwa, da ya wargaje daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairu 1986, ba shi da irin wannan tsari ko kaɗan.

Sashen da ya fi wuyar gwadawa shi ne hukunci: yaushe za a gudu? In an yi jinkiri wuta ta riske ka. In an yi garaje kuma, garin neman gira a rasa ido, an fizge mutane daga lafiyayyar roka an jefa su cikin haɗarin da babu dalilinsa. A rokar Saturn V, wadda ta kai mutane wata, an sa ƙa'ida cewa a farkon tafiya tsarin zai kunna kansa idan injuna biyu suka mutu, ko juyawar roka ta wuce iyakar da aka gindaya, kuma ba a karɓar shaidar na'ura ɗaya, sai biyu cikin uku sun yarda. Ta haka lalacewar na'urar awo guda ba za ta jawo gudun banza ba. Ranar 14 ga Nuwamba 1969 tsawa ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu cikin minti na farko, fitilun gargaɗi suka cika allo, amma rokar na tafiya daidai, kwamandan tafiyar, Pete Conrad, bai murɗa hannun tserewa ba, suka isa wata. Ana gwada wannan ɓangare ne a ɗakin gwaji, inda ake haɗa ainihin kwamfutar kumbo da ainihin wayoyinta, a riƙa ciyar da ita bayanan ƙarya: inji ya mutu, matsi ya faɗi, waya ta tsinke, na'urori biyu sun saɓa wa juna. Ana maimaitawa sau dubbai, ana duba abu biyu, ko ta gudu lokacin da ya kamata, da ko ta zauna lokacin da babu dalilin gudu.

Ka kuma yi wa kanka wannan lissafi. Idan kana so ka nuna da gwaji kaɗai, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari, cewa abu ba ya gazawa fiye da sau ɗaya cikin ɗari, kana buƙatar gwaji kusan 300 a jere babu gazawa ko ɗaya. Babu hukumar da ta taɓa harba kwanso 300. 'Yan kaɗan ake yi. Saboda haka gwajin tashi ba ya tabbatar da aminci da kansa, amfaninsa shi ne a ɗora abin da na'urori suka auna a kan abin da lissafin kwamfuta da ramin gwajin iska (inda ake hura iska mai ƙarfi a kan samfurin kumbo) suka yi hasashe. In sun dace, sai a amince wa lissafin a sauran yanayin da ba a gwada ba. In sun saɓa, ko da kwanso ya sauka lafiya an yi tafi, aiki ya koma baya. Ma'aunin da NASA ta sa wa kamfanonin da ke kai mata mutane shi ne kada yiwuwar rasa matafiya ta wuce ɗaya cikin 270 a tafiya guda. Hukumar da ta rubuta wannan adadi ba ta ce babu abin da zai faru ba.

A nan ne nake ƙosawa da masu son a rufe komai da takarda. Gaskiya ne an amince wa Starliner ba tare da gwajin tserewa na cikin tafiya ba, bisa lissafi da gwajin ramin iska, kuma hanya ce da ƙa'ida ta yarda da ita. Amma lissafi yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Ranar 19 ga Mayu 1965, a White Sands, rokar gwaji ta Little Joe II ta sami matsala a tsarin sarrafa ta, ta shiga juyi har ta wargaje tun ba ta kai tsayin da aka nufa ba. Tsarin tserewa na Apollo ya gane da kansa, ya fizge kwanson, ya sauke shi lafiya. Babu wanda ya tsara wannan yanayi, shi ya sa shaidarsa ta yi nauyi. Haka aka gani ranar 12 ga Satumba 2022, lokacin da bakin injin rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin ya lalace bayan kimanin minti ɗaya da tashi, kwanson da babu mutane a ciki ya tsere ya sauka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Laima kuwa ita ce rabin aikin da ba a cika nunawa a bidiyo ba. Wajen tserewa tana buɗewa ne a yanayin da ya fi na dawowar yau da kullum muni: tsayi kaɗan, kwanso na lilo, wani lokacin da sauran mai a tanki. Ana gwada ta ta hanyar sako nauyi daga jirgin sama ko balan-balan, kuma da gangan ake hana ɗaya buɗewa domin a ga ko sauran za su ɗauka. A irin wannan gwaji a Afrilun 2019 aka hana ɗaya daga laimomin Dragon huɗu buɗewa, sauran ukun suka gaza, nauyin gwajin ya doki ƙasa. Binciken ya nuna igiyoyin ba sa raba nauyi daidai kamar yadda aka daɗe ana ɗauka, wasu na ɗaukar fiye da abin da aka lissafa musu. Aka sake ƙirar da igiyoyi masu ƙarfi, aka sake jerin gwaje-gwaje kafin Bob Behnken da Doug Hurley su hau ranar 30 ga Mayu 2020.

A gwajin Starliner na Nuwamba 2019 injunan tserewa huɗu sun kama daidai, kwanso ya tashi, ya juya, amma manyan laimomi biyu ne suka buɗe cikin uku. Ya sauka lafiya domin an ƙera shi ya iya sauka da biyu. Da aka bincika, laimar lafiyarta ƙalau. Wani ɗan fil ne da ke haɗa ƙaramar laima mai jawowa da babbar bai shiga madaukinsa ba, kuma yana ƙarƙashin wani rufi da ke kare igiyar daga gogewa, ido ba ya ganinsa kai tsaye. A hotunan da aka ɗauka lokacin naɗe laimar aka gano shi. Idan ka sami rahoton irin wannan gwaji, ka wuce hoton saukar, ka nemi shafin da aka jera abubuwan da suka saɓa wa hasashe, ka duba me aka canza a kan kowanne, ka kuma duba ko an sake gwadawa bayan canjin.